Gurbin da Aka Bari a Katin Hajara

Rukayya, an kawo mini maganar da kika faɗa wa mahaifiyarki, cewa da ba ta yarda an yi mata tiyata kafin cikinta ya isa ba, da ƙaninki Yusuf yana ji kamar kowa. Ba ke kika ƙago wannan magana ba. An yi shekaru ana faɗinta a Nariya wajen dangin uwarki, ana kuma faɗinta a nan Rano a bayan katangar gidanmu, ina ji ina ƙyalewa. Don haka wannan babi naki ne ke da Yusuf, kuma zan rubuta shi yadda aka koya mini rubuta rahoton aiki: abin da aka gani, da abin da aka yi, da wanda ya yi.

A makarantar mishan na koyi jinya da karɓar haihuwa, can ƙasar Filato, inda mahaifina ya kai ni duk da surutun 'yan'uwansa. Baturiyar da ta horar da mu ba ta duka, ba ta ma ɗaga murya. Takan ɗauki katin awon mai ciki ta bi shi da yatsa daga sama har ƙasa, in ta tarar da gurbi ɗaya ba a cika ba sai ta miƙa wa mai aikin katin ta wuce abinta, mai aikin kuwa ta san ranar ba ta da hutu. Haka ni ma na riƙe ɗakin haihuwa na asibitin da na yi aiki har na yi ritaya. Ma'aikata suna kirana Sista a gabana, a bayana kuwa na san sunayen da suke ba ni, kuma ba su taɓa hana ni barci ba. Na taɓa aikawa a taso wata daga gidansu ranar Sallah saboda ba ta rubuta awon jinin mace ɗaya ba. Ina faɗin wannan ne domin ku auna abin da zai biyo baya da ma'aunin da ya dace.

Mahaifinku ɗan farina ne. A gidan da na taso, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta san damuwarsa a gaban mutane. Mishan sun raba ni da abubuwa da dama da na je da su, amma wannan kunya ba su taɓa ta ba, domin ba su ma san da ita ba. In ina da magana da shi nakan faɗa wa ƙanwarsa Maryam cewa ta gaya wa wancan kaza, ko da yana zaune a tsakar gidan yana jina. Da ya auri Hajara, 'yar Fulanin Nariya da suka daɗe da zama suna noma da kiwo, sai kunyar ta haɗa har da ita. Tana gaishe ni a durƙushe, ina amsawa ina duban wani wuri. Ba ƙiyayya ba ce. Ban taɓa samun aibu a girkinta ko tsaftarta ba, ni kuwa da wuya in rasa aibu a abu.

Talata ce ranar awon masu sabon ciki a asibitinmu. Wata Talata na fito da katuna a hannu, sai na hango Hajara a benci na uku ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Na san abin da ya kawo ta, ita ma ta san na sani. Na kira wata ƙaramar ma'aikaciya na ce ta karɓi layin yau, ni ina da aiki a ɗakin magani, na shiga na rufe ƙofa na yi ta jera kwalaben da suke a jere tun jiya. Ma'aikaciyar ta auna ta, ta rubuta nauyi da tsawo da sauran abubuwa. Da ta zo kan gurbin rukunin jini sai ta ɗauka ai surukar Sista ce, an riga an gwada ta tun kafin ta zo, ta bar gurbin fayau. Da la'asar na zauna bin katunan ranar da yatsa kamar kullum. Da na zo kan na Hajara na kawar da idona, na sa hannu a ƙasa, na kife shi. A tsawon aikina shi ne kati ɗaya tak da na sa wa hannu ban karanta ba.

Dole in bayyana muku abin da gurbin nan yake nufi. Akwai wata alama a jikin ƙwayoyin jinin ɗan Adam. Yawancin mutane suna da ita, 'yan kaɗan ba su da ita, kuma rashinta ba ciwo ba ne. Mahaifinku yana da ita, Hajara ba ta da ita. Idan irin wannan mace ta ɗauki cikin ɗan da ya gado alamar ubansa, cikin fari yakan wuce lafiya. Amma wajen haihuwa jinin ɗan yakan ɗan shiga jikin uwar, jikinta ya ɗauke shi baƙo, ya haɗa abin yaƙarsa ya ajiye. Duk cikin da ya biyo baya, wannan abu yakan ratsa ya riƙa farfasa jinin ɗan tun yana ciki. Rigakafinsa allura ɗaya ce da ake yi wa uwa cikin kwana uku bayan haihuwar fari. In kwana ukun suka wuce, babu allurar da za ta gyara. Na san wannan, na koyar da shi, na sha tura mazajen wasu mata Kano su nemo allurar kafin rana ta faɗi.

Da cikin ya kai wata bakwai aka zo aka tafi da ita Nariya goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai cikin fari. Can aka haife ki, Rukayya, a ɗakin kakarki Inna Dije, lafiya lau. Labari ya iso mini a rana ta biyu. Da na san jininta, akwai sauran yini guda da rabi, ga mota tana zuwa Kibiya, kusa da Nariya, kullum. Na aika da turmin atamfa da sabulu da kayan yaji, ban je ba sai ranar suna, kowa kuma ya yaba da kunyata.

Na biyu namiji ne, an haife shi a Rurum Sabon Gari inda mahaifinku yake koyarwa a lokacin. Na gan shi a kwana na uku, shawara ta rine shi rawaya har tafin ƙafa, yana wani kuka siriri yana banƙarewa. Ya rasu kafin suna. A nan zuciyata ta ba ni abin da ake ciki. Na ce wa Maryam ta gaya wa wancan ya kai ta birni a gwada jininta. Ta gaya masa, ya ce to, in ta yi arba'in. Aka yi arba'in, aka koma makaranta, damina ta sauka, maganar ta shiririce. Ban maimaita ba, domin a ganina na lokacin, tambaya sau biyu a kan matar ɗan fari zubar da girma ne. Ta uku mace ce, ta mutu a ciki ana saura kwanaki, aka haife ta a kumbure. Daga nan aka fara ce wa Hajara mai wabi, wato wadda 'ya'yanta ba sa zama.

Ciki na huɗu ya zo a shekarun da farar hula suka karɓi mulki aka kuma ƙaddamar da shari'a, ina da shekara biyu da barin aiki. An dawo da mahaifinku Rano, suna zaune a sashen gabas na gidan nan. Wata safiya, cikin yana wata biyar, Inna Dije ta yi sallama tare da ɗanta Bello, wan Hajara, ta ce ta zo tafiya da 'yarta. Akwai mai magani bayan Kibiya da ya iya maganin wabi. A can za a ɓoye cikin, in an haihu a ajiye ɗan a juji sannan a ɗauko, don abin da yake ɗauke 'ya'yan ya zaci ba a son wannan.

"Sista," in ji ta, "kin karɓi haihuwar rabin Rano. 'Ya'yan mahauta da na direbobi duk ga su nan suna yawo a gari. Naki jikokin ne dai ƙasa take cinyewa. To, ba ni 'yata, mu da ba mu yi boko ba mu gwada namu."

Na ce, "Dije, juji ba ya gyara jini."

"Ke kin gyara? Sau nawa kika ɗora hannunki a kan cikin yarinyar nan? Faɗa mini, ina jinki."

Hajara tana durƙushe a bakin ƙofa, idonta a ƙasa. Na tashi na wanke hannuwana da sabulu har gwiwar hannu, na ce ta shiga ɗakina ta kwanta. Ta dubi uwarta, sannan ta dube ni.

"Hajiya, ke?"

"Ni. Kwanta ki ɗaga rigar."

Shekararta takwas da auren ɗana, ranar na fara taɓa jikinta. Na dafa cikin na saurara. Ɗan yana motsi, zuciyarsa tana bugawa daidai. Na fito na roƙi Dije mako biyu.

"Mako biyu," ta ce tana ɗaure ƙullinta. "In suka cika ban ga komai ba, ko hakimi kika kira sai na tafi da ita."

Washegari muka shiga motar Kano, a kujerun baya da ake ware wa mata a lokacin. Na tafi da tsohon katinta, wanda na sa aka tono mini a ma'ajiyar asibiti. Likitan mata da muka tarar a babban asibiti ya taɓa yin shekara guda a wurinmu yana sabon fitowa daga karatu, kuma ya sha faɗana. Da ya gan ni ya miƙe tsaye. Ya karɓi katin ya bi shi da yatsa daga sama, yadda na koya masa, har ya tsaya a inda na san zai tsaya.

"Sista, wa ya duba ta a cikin fari? Ba a gwada rukuninta ba."

"Ga sa hannun nan a ƙasa."

Ya duba, ya gane hannun, ya ajiye katin a hankali ya shiga wata magana. Na fi son a ce ya yi mini faɗa.

Gwaji ya tabbatar da abin da nake zato, kuma abin da yake yaƙar jinin ɗan ya yi yawa a jikinta. Aka yi mata hoton ciki, aka ga namiji ne, aka ga har lokacin bai fara kumbura ba. Likitan ya yi mana bayani a tsanake, yana duban Hajara ba ni ba, abin da ya burge ni.

"A ƙasashen waje ana zura allura ta cikin uwa a ƙara wa ɗa jini tun yana ciki. Mu nan ba mu da kayan, ba mu da wanda ya iya. Abin da za mu iya shi ne mu sa masa ido. Duk mako za ki zo a yi hoto. Ranar da muka ga ruwa ya fara taruwa a cikin yaron, jininsa ya kusa ƙarewa ke nan, sai mu fito da shi. In muka yi gaggawa huhunsa bai ƙosa ba. In muka yi jinkiri, kin san abin da ya faru da ta baya."

Ya ƙara da cewa da zarar an fito da shi sai an canza masa jini, kuma sai da jinin da ba shi da alamar, sabon ɗiba, wanda samunsa a asibiti sai an yi sa'a. Na ce ya bar mini wannan. Tunda gado ne, a dangin Hajara za a same shi. Na je Nariya da kaina na kwaso su a mota, maza da samari, aka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Mutum biyu suka dace: Bello, da wani ɗan baffansu makiyayi. Dije ta biyo mu har bakin ɗakin gwajin.

"Ashe yau jinin Fulani ya yi daraja," in ji ta. "Da ba nono kuke cewa yana yawo a jijiyarmu ba?"

Ba ta sake maganar mai magani ba, ko da yake na ga sabuwar laya a kugun Hajara a mako na gaba. Na gani, na gyara zanen na rufe ta.

Duk Litinin muna hanyar Kano, ni da ita. Ba mu cika magana a mota ba. Ina riƙe da ƙaramin littafi ina rubuta motsin ɗan da take ƙirgawa safe da yamma, in ta tsallake rana in yi mata faɗa kamar kowace mai awo. A wata na bakwai da mako uku, likitan ya daɗe yana duban allon na'urar, sannan ya juyo shi gare ni ya nuna wani baƙin layi siriri a cikin yaron. Ruwan ke nan. Ya ce za a yi wa uwar allurar ƙosar da huhun ɗa kwana biyu, ranar Alhamis a yi aiki. Hajara ba ta tsaya tunani ba.

"A yi," ta ce. "Na gaji da naƙudar gawa."

Sai dai asibiti ba ya aiki sai da sa hannun miji, mahaifinku kuwa ya ƙi. Ya binne biyu da hannunsa, kuma abokan aikinsa sun cika masa kunne cewa fito da ɗa kafin lokacinsa shisshigi ne ga ikon Allah, cewa bakwaini ba ya zama mutum, cewa wuƙa tana iya tafiya da uwar ma. Ranar Laraba da hantsi yana tsaye a barandar asibiti, takardar tana hannun ma'aikaciya, Maryam tana gefena tana jiran abin da zan ce ta kai masa. Na ce mata ta zauna. Na taka da ƙafata har inda yake.

"Haruna."

Ya waiga bayansa yana neman wanda ya kira shi. Yana da shekara talatin da shida, bai taɓa jin sunan nan a bakina ba.

"Ni ce. Zauna ka ji. Allah ne mai rayawa da kashewa, wannan ba ni da ja a kai. Amma kowane abu da sanadinsa, kuma sanadin 'ya'yanka biyu ni ce. Matarka ta zo awo wurina na guje ta, ba a gwada jininta ba, na sa hannu ban duba ba. Da an yi mata allura ɗaya, da ta raba ku da duk wannan. Yanzu yaron nan jininsa yana ƙarewa a ciki. In ka hana a fito da shi gobe, na ukun kai ne sanadi."

Ya zauna a bakin barandar.

"Hajiya, tun yaushe kika sani?"

"Na yi zato tun rasuwar na Rurum."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Na aika Maryam."

"Kin aika Maryam," ya maimaita. Ya miƙa hannu ma'aikaciyar ta ba shi biro.

An fito da Yusuf ranar Alhamis kafin azahar, fari fat don rashin jini, kukansa da ƙyar ake ji. A ranar aka canza masa jini ta cibiya da jinin kawunsa Bello, a zuƙi kaɗan a zuba kaɗan, ina tsaye ina ƙirgawa ko da yake ba wanda ya sa ni. Aka sa shi a kwalba ƙarƙashin shuɗiyar fitila. A kwana na biyu shawara ta hau masa, aka ce sai an sake canji. Bello ba zai iya bayarwa sau biyu a jere ba, ɗan baffan nasu kuwa ya gaji da zaman asibiti ya koma wajen shanunsa, ya kaɗa su wajen Zurgu. Yini guda cur aka yi ana nemansa. A wannan yini shawarar ta kai inda ba a son ta kai. An yi canjin, ta sauka, yaron ya rayu. An yi sunansa a Rano yana kwalba a Kano, sai bayan mako biyar muka dawo da shi. Likitan ya gaya wa iyayenku kada Hajara ta sake ɗaukar ciki, shi ya sa ku biyu ne. Ni kuma ya ja ni gefe ya ce in sa ido a kan kunnen yaron.

To, ga lissafin yadda yake, Rukayya. Tiyatar ba ta taɓa kunnen ƙaninki ba, ita ce ta fito da shi da rai. Shawara ce ta taɓa shi, shawarar kuwa daga jini take, jinin kuma da an gwada shi tun kina ciki da ba a zo nan ba. Mahaifiyarki ba ta da kaso a wannan laifi. Ma'aikaciyar da ta bar gurbin ma ba na ɗora mata, domin aikina ne in gani.

Yusuf yana da wata bakwai na gwada jinsa. Na zaunar da shi a tabarma da hantsi, na koma bayansa inda ba zai ga inuwata ba, na kaɗa cokali a cikin kofi kusa da kunnen dama, sannan na hagu. Ya ci gaba da tsotsar yatsan ƙafarsa. Na maimaita kwana uku a jere, da tafi, da ƙararrawa, da kiran suna, ina rubutawa. A rana ta uku Maryam tana nan ta gani, idonta ya cika da hawaye.

"In je in gaya wa Yaya, shi ya san yadda zai gaya mata?"

Na ce a'a. Na ɗauki yaron na nufi sashen gabas. Hajara tana zaune a inuwar ɗaki da faifai a cinya tana tsince shinkafa. Ta yunƙura za ta durƙusa, na ce ta zauna.

"Hajara, yaron nan ba ya ji. Shawarar da ta hau masa ce ta taɓa jijiyar kunnensa. Ba na tsammanin jin zai dawo."

Hannunta bai tsaya ba. Ta fitar da tsakuwa ɗaya ta jefar.

"Na sani, Hajiya. Tun yana wata huɗu. Ladanin masallacin bayan gidan nan yana tashin kowa, shi ko motsi."

"Don me ba ki faɗa ba?"

"Ina jira ne in ga wa za ki aiko."

Ta matsa gefe ta bar mini wuri a tabarmar. Na zauna da yaron a cinyata, ta turo faifan tsakaninmu, muka ci gaba da tsince shinkafar.